Bayan ƙuri'ar raba gardama: mutane ke sauya ra'ayi, ko masu jefa ƙuri'ar ne ke sauyawa?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda aka sake tayar da maganar ƙirƙiro sababbin jihohi, kalmar ƙuri'ar raba gardama ta dawo bakin mutane a nan Sakkwato. Tambayata ga malamanmu ita ce: idan an yi irin wannan ƙuri'a har ta raba gari biyu, bayan ƙura ta lafa mutane suna sauya ra'ayi kuwa? Misalin da kowa ke kawowa shi ne Birtaniya. Ran 23 ga Yuni 2016 kashi 51.9 cikin 100 suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 48.1 suka ce a zauna. Yanzu ana ta cewa sun yi da-na-sani. Gaskiya ne ko zancen 'yan jarida ne?

Dakta Sa'adatu: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Gaskiya ne alƙaluma sun juya. Kamfanin binciken ra'ayin jama'a na YouGov ya daɗe yana maimaita tambaya ɗaya: ficewar daidai ce ko kuskure? Zuwa 2023 fiye da rabin waɗanda ake tambaya suna cewa kuskure ne, masu cewa daidai ne kuma sun koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Juyawar alƙaluma daban, mutum ɗaya ya sauya ra'ayinsa daban. Hanyoyi uku ne ke motsa lissafin. Akwai wanda ya jefa ƙuri'a kuma daga baya ya juya. Akwai wanda bai fita ba ranar zaɓe, yanzu kuma yana ba da amsa idan an tambaye shi. Kashi 72 ne suka fita jefa ƙuri'a a 2016, ke nan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna gida. Sai na uku, wanda mutane ba sa son ambatonsa: mutuwa da balaga. A Birtaniya wajen mutum dubu 600 ne ke rasuwa a shekara, mafi yawansu tsofaffi, kuma matasan da ke cika shekara 18 sun fi haka yawa. 'Yan shekara 18 zuwa 24 kusan kashi 70 nasu sun zaɓi a zauna, waɗanda suka haura 65 kuwa kashi 60 ko fiye sun zaɓi a fice. Tazarar duka ba ta kai ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu 300 ba, miliyan 17.4 da miliyan 16.1. To ka lissafa shekara bakwai. Ko da babu mutum ɗaya da ya sauya, tazarar nan za ta zaizaye.

Nasiru: Ke nan Dakta babu wanda ya sauya?

Dakta Sa'adatu: Akwai, kuma sun fi yawa a ɓangaren masu ficewa, musamman bayan an fita a hukumance ran 31 ga Janairu 2020, daga baya kuma aka fara ganin dogon layin manyan motoci a tashar Dover da takardun kwastan da tsadar kaya. Sai dai binciken da ke bin mutane ɗaya shekara bayan shekara ya nuna mafi rinjaye a kowane ɓangare suna nan inda suke. Kuma da yawa daga masu ficewar da ke cewa abin bai yi kyau ba, laifin 'yan siyasa suke gani wajen aiwatarwa, ba laifin ƙuri'arsu ba.

Malam Umaru: Dakta Allah shi ƙara ilimi. Amma mi za ya kai mu Ingila alhali muna da namu a gida? Wanga al'amari ya faru ga Arewa, kuma ɗan Sakkwato ne tsakiyarsa, Sardauna Ahmadu Bello. Yankin da aka kira Arewacin Kamaru, wanda Ingila ke riƙo amana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, sau biyu anka yi mashi ƙuri'a. Ta farko Nuwamba 1959. Tambaya biyu anka aza: ku shiga Jihar Arewa in Najeriya ta samu 'yanci, ko a jinkirta hukunci sai gaba? Mutum 70,546 sunka ce a jinkirta, 42,788 sunka ce a shiga. Babu wanda yay yi zaton haka ga Kaduna. Ba a cika wata goma sha shida ba, Fabrairu 1961, anka sake. Wagga karon 146,296 sunka zaɓi Najeriya, 97,659 sunka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin yas shigo, daga baya anka sa mashi suna Lardin Sardauna, hedikwata Mubi. Su ne yau Gwoza da Dikwa da Bama ga Borno, Mubi da Michika da Madagali da Ganye ga Adamawa, da tsaunin Mambila ga Taraba. In wanga ba sauya ra'ayi ba ne, mine ne shi?

Dakta Sa'adatu: Baba, wannan misali ya fi na Ingila daɗin lissafi, domin alƙaluman da ka kawo su ne ke nuna matsalar. Haɗa ƙuri'un 1959, za ka samu dubu 113 da 'yan kai. Haɗa na 1961, kusan dubu 244. Masu jefawa sun ninka har da ƙari. Babban dalili shi ne a 1959 maza kaɗai suka jefa, a 1961 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai an sa mata, aka yi sabuwar rajista. Yanzu duba wannan: a ce duk mutum 70,546 da suka nemi jinkiri sun zaɓi Kamaru a karo na biyu, ko ɗaya bai juya ba, har yanzu ba su kai 97,659 ba. Ke nan sakamakon 1961 zai iya fitowa yadda ya fito ba tare da mutum ɗaya ya sauya ba. Ban ce ba a sauya ba. Na ce alƙaluman ba su isa su tabbatar ba.

Abu na biyu, tambayar ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya ce "a jinkirta" bai ce yana son Kamaru ba. A 1961 an toshe wannan ƙofar, aka ce ko nan ko can.

Malam Umaru: Na yarda da lissafinki ɗiyata, amma kada lissafi shi rufe muna tarihi. Abin da yas sa mutane da dama sunka ƙi ga 1959 ba ƙin Najeriya ba ne, ƙin mulkin En'e ne. Ƙabilun kan duwatsu na yankin Mubi da Gwoza da ƙasar Chamba suna ƙarƙashin En'e ta Adamawa da ta Dikwa, suna kuka da haraji da hakiman da anka turo masu daga nesa da shari'ar alƙalai. Ƙuri'a ta ba su damar su faɗi wanga kuka ba tare da an san wa yaf faɗa ba. Bayan sakamakon anka yi gyara: anka zare yankin daga ƙarƙashin Yola, anka kafa masu En'o'insu na kansu, anka sauke wasu hakimai, anka yi masu alƙawalin lardi nasu. Sardauna da mutanensa sunka shiga ƙauye-ƙauye da wanga alƙawali. To mutumin da yac ce a'a saboda hakimi, in an ɗauke mashi hakimin, mi za ya hana shi cewa i? Ruwa ba ya tsami banza.

Barista Kabiru: Ina ganin ku biyun kuna riƙe da igiya ɗaya ne ta bakin biyu. Baba yana cewa an sauya kayan da ke kan faifai, Dakta tana cewa an sauya masu saye. Duka sun faru. Abin da nake so a lura shi ne wanda aka kayar bai haƙura ba. Gwamnatin Kamaru ta Ahmadu Ahidjo ta ƙi amincewa da yadda aka gudanar da ƙuri'ar arewa, ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya a Hague, kotun kuma a Disamba 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan asalin ƙarar. A Kudancin Kamaru kuwa, wanda shi ma aka yi masa tasa ƙuri'ar, inda 233,571 suka zaɓi Kamaru a kan 97,741 da suka zaɓi Najeriya, rikicin yankin masu Turancin Ingilishi da ya ɓarke tun 2016 yana da saiwa a wannan ƙuri'a, domin ba a ba su zaɓin ƙasa tasu ta kansu ba. Waɗanda ke riƙe da makami yau jikokin masu jefa ƙuri'ar ne. Ba za ka ce kakanni sun sauya ra'ayi ba, amma zuri'ar ta ƙi gadon hukuncin.

Hajiya Luba: Akwai ƙasar da ke raba wannan gardama da alƙaluma tsaf, ita ce Ayilan, domin sau biyu ta ƙi yarjejeniyar Tarayyar Turai, sau biyu kuma aka sake tambayarta. Yarjejeniyar Nice, 2001: masu a'a wajen dubu 530, masu i wajen dubu 450, kashi 35 kacal suka fita. Aka sake a 2002: masu a'a suna nan wajen dubu 530, ko gezau. Masu i suka haura dubu 900. Babu alamar an lallashi kowa. Waɗanda suka yi zamansu a gida ne aka tayar. Yarjejeniyar Lisbon kuwa labarinta daban. A 2008 masu a'a sun kai dubu 860. A 2009 suka sauko ƙasa da dubu 600, masu i suka wuce miliyan ɗaya da dubu 200. A nan dole wasu sun juya ko sun janye jiki, domin ɓangaren a'a ya yi asarar fiye da dubu 250 cikin wata goma sha shida. Me ya shiga tsakani? An ba Ayilan tabbaci a rubuce cewa ba za ta rasa kujerar kwamishinanta a hukumar Tarayyar Turai ba, ba za a taɓa mata dokar haraji ba, ba za a ja ta cikin ƙawancen soja ba. Sannan bankunanta suka durƙushe a ƙarshen 2008, rashin aikin yi ya yi sama, mutane suka ji tsoron zama su kaɗai.

Don haka ga ma'aunin da ya kamata kowa ya riƙe: kada ka kalli kashi cikin 100, kalli adadin kawunan ɓangaren da ya ci a karon farko. Idan adadin bai ragu ba, fitowa ce ta sauya. Idan ya ragu sosai, to an taɓa zukata.

Nasiru: Hajiya wannan ma'auni ya zauna. Amma akwai wuraren da aka sake tambaya bayan shekaru ba a ga motsi ba?

Hajiya Luba: Akwai. Nowe ta ƙi shiga ƙungiyar Turai a 1972 da kashi 53.5, ta sake ƙi a 1994 da kashi 52.2. Shekara 22, kusan wuri ɗaya. Sikotlan ta ƙi ɓallewa daga Birtaniya a 2014 da kashi 55, kuma ko bayan an fitar da ita daga Tarayyar Turai ba da sonta ba, alhali kashi 62 nata sun ce a zauna, ƙasar tana nan a rabe kusan biyu.

Aminu: Ni inda nake da ja shi ne kuna magana kamar kowane mai ƙuri'a yana zaune shi kaɗai yana auna riba da hasara. A ƙasashenmu mutane jagora suke bi. Ku dubi Kenya. A Nuwamba 2005 Shugaba Mwai Kibaki ya kawo daftarin kundin tsarin mulki, alamar i ayaba, alamar a'a lemo. Raila Odinga ya ja ɓangaren lemo, suka kayar da daftarin da kashi 58. Daga wannan lemon ne ma jam'iyyar ODM, wato Orange Democratic Movement, ta samo sunanta. A Agusta 2010 aka sake da sabon daftari, Kibaki da Raila suna dandamali ɗaya, aka amince da kusan kashi biyu cikin uku. Ina aka fi ƙi? Yankin Rift Valley, inda William Ruto ya ja masu a'a. Taswirar ƙuri'a ta bi taswirar manya sau da ƙafa. Mutumin Kisumu, yankin Raila, bai sauya ra'ayi kan kundi ba, jagoransa ne ya sauya gefe.

Barista Kabiru: Malam Aminu, da gaskiyarka, amma kada a rage wa daftarin 2010 haƙƙinsa. Ya rage ikon shugaban ƙasa, ya kafa gundumomi 47 masu gwamnoninsu da kasonsu na kuɗi, abin da masu lemo suka ce babu a na 2005. Kuma tsakanin biyun an yi rikicin bayan zaɓen 2007 da ya ci rayuka fiye da dubu. Wanda ya ga an ƙona gidan maƙwabcinsa ba sai jagora ya gaya masa ƙasa na buƙatar sabon tsari ba.

Aminu: Na karɓa. To ga wanda ba shi da wannan uzuri, nan bayan Illela, a Jamhuriyar Nijar. Ran 4 ga Agusta 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya yi ƙuri'ar Tazarce, bayan ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki da ta ce masa ba ya halatta. Sakamakon hukuma: kashi 92 da ɗoriya sun amince ya ƙara shekara uku, a cire iyakar wa'adi. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi. Ran 31 ga Oktoba na wannan shekarar aka kawo kundin da ya maido wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, kashi 90 suka ce i. Mutanen Ƙonni da Tawa da Maraɗi ne suka juya baki ɗaya cikin wata goma sha biyar?

Dakta Sa'adatu: Wannan ba ya shiga lissafi sam. 'Yan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar 2009, sun kuma ƙaryata adadin fitowar da hukuma ta bayar. Inda ɓangare ɗaya ya zauna gida, kashi 92 ba ra'ayin ƙasa ba ne, ra'ayin waɗanda suka je rumfa ne, in ma an ƙirga daidai. Kafin ka kwatanta ƙuri'a biyu sai ka tabbatar da abu huɗu: rajistar iri ɗaya ce, tambayar iri ɗaya ce, ɓangarorin biyu sun yi kamfe ba tare da tsangwama ba, kuma wakilan kowa sun sa hannu a takardar sakamako ta rumfa. Ɗaya ya faɗi, kwatancin ya faɗi.

Nasiru: Dakta, a ce an yi irin wannan ƙuri'a a nan, ta yaya za a auna sauyin da gaske?

Dakta Sa'adatu: Hanya ɗaya ce amintacciya: ka bi mutane ɗaya. Ka zaɓi mutum kamar 1,500 kafin ranar ƙuri'a, ba daga cikin birni kaɗai ba, a bazu a mazaɓu daidai da yawan masu rajista, daga Sabon Birni zuwa Tambuwal. Ka rubuta abin da kowa ya ce zai zaɓa. Ka koma cikin mako biyu bayan ƙuri'a, sannan bayan shekara, sannan bayan shekara uku. Dalilin farawa da 1,500 shi ne za su zube: wani ya tafi cin rani, wata ta yi aure ta bar gari, wani ya sauya layi. In ka tsira da 1,000, kuskuren lissafinka maki uku ne sama ko ƙasa. In ka tsaga su gida huɗu don ka ga matan karkara kaɗai, ka koma 250, kuskuren ya kai maki shida, to sauyin maki huɗu a wannan rukuni ba komai ba ne.

Abin da ke ɓata aiki shi ne gajeriyar hanya: a tari mutum bayan shekara biyu a ce "me ka zaɓa a wancan lokaci?" Mutane suna mantuwa, kuma mantuwar tana karkata wajen abin da suke ji yau. Wanda bai fita ba yakan ce ya fita don kunya. Wanda ya zaɓi abin da ya zama abin zargi yakan ce shi bai je ba ma. Sai masu da-na-sanin su ɓace daga takardarka.

Ga kuma namu na gida. Kada a yi tambaya a zaure ko majalisar bakin titi inda mutum shida ke saurare. Amsar mai unguwa za ka samu sau shida. Matan da ke cikin gida mace ce za ta shiga wurinsu, kuma ba a gaban maigida ba. Binciken waya kaɗai yana zubar da talakan ƙauye da mata da yawa, domin wayar a aljihun miji take. Sannan kalmomin tambaya. "Kana da-na-sani?" tana sa mutum ya kare kansa, Bahaushe ba ya son a ce ya yi wauta. "In yau za a sake, me za ka zaɓa?" ta fi sauƙin amsawa. A Birtaniya ma masu cewa ficewa kuskure ce ba duka ne ke cewa a koma ba, musamman in an ambaci sharaɗin karɓar kuɗin yuro.

Malam Umaru: To Barista, ga dokarmu, in jama'a sunka sauya ra'ayi akwai ƙofar komawa?

Barista Kabiru: Baba, kundin 1999 wurare ƙalilan ya ambaci ƙuri'ar raba gardama. Sashe na 8 kan sabuwar jiha: sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Dattawa da ta Wakilai da majalisar jiha da kansiloli sun goyi bayan buƙatar, sannan ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu cikin uku na mutanen yankin, sannan rinjayen jihohin ƙasa ta majalisunsu, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya. Tun 1999 ba a taɓa ƙirƙirar jiha ta wannan hanya ba. Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996 da dokar soja aka yanke su daga Sakkwato, ba wanda aka tambaya. Yankin da farar hula suka ƙirƙira da ƙuri'a shi ne Mid-West a 1963. Kuma sashen bai tanadi sake ƙuri'a don masu da-na-sani ba.

Wurin da doka ta yarda mai zaɓe ya ce na fasa shi ne kiranye, sashe na 69 ga 'yan Majalisar Tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'a cikin kwana 90, kuma rinjayen da ake nema na masu rajista ne, ba na waɗanda suka fito ba. A Kogi ta Yamma a 2018, lokacin da aka nemi yi wa Sanata Dino Melaye kiranye, sa hannun da aka iya tantancewa bai wuce kashi 5 da 'yan kai na masu rajista ba, maganar ta mutu a nan.

Hajiya Luba: Wannan sharaɗi na masu rajista shi ne katangar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fita a Najeriya duka ba su kai kashi 30 ba. Rajistar kuma tana ɗauke da matattu da waɗanda suka ƙaura, kowannensu a lissafin kiranye tamkar ya jefa a'a ne. Mazaɓa mai rajista dubu 200, sai ka kawo sa hannu dubu 100 da ɗaya, a wurin da wataƙila dubu 60 ne suka fito ranar da aka zaɓi ɗan majalisar.

Nasiru: Ke nan ko duk wanda ya zaɓe shi ya juya masa baya, ba su isa ba.

Barista Kabiru: Ba su isa ba. Ko an haɗa da duk waɗanda suka zaɓi abokan takararsa, a misalin Hajiya saura dubu 40 da ɗaya, kuma sai an nemo su cikin mutanen da ko ranar babban zaɓe ba su je rumfa ba, a sa su fito ranar tantancewa da katinsu a hannu.